Pompon ruwan injin mota: mai fambel da mai lantarki

1. A bakin garaji

Madawa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Daga nan wata hanya ta yi arewa zuwa Buza, ta bi ta Keita, ta faɗa Tawa. Wannan hanya ta ratsa ƙasar Adar mai duwatsu. Mota tana hawa tudu, ta gangara kwari, ta sake hawa. A watan Afrilu da na Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. A lokacin ne makanikai suka fi ganin motoci masu tafasa.

Wata ranar Asabar da hantsi, wani saurayi ya tsaya da motarsa a bakin wani garaji na Madawa. Ɗan kasuwa ne, yana kai albasa Kotonu. A can ya sayo motar. Ta riga ta yi aiki a Turai, amma injinta babba ne, mai fistan shida, ga ta da gudu. Ƙanensa, ɗan aji shida, yana zaune a gaba.

Saurayin ya gaida maigidan garajin, wani dattijo da ya fara gyaran mota tun zamanin Peugeot 404.

– Baba, ina kwana? Ina aiki?

– Aiki da godiya, ɗana. Mi ya samu wagga mota?

– Zafi take yi, Baba. Kan hanyar Maraɗi lafiya lau. Amma da na kama hanyar Buza na fara hawan tudu, sai allurar zafi ta nufi ja. Ranar Talata zan kai Inna da ƴan biki Keita. Ina tsoron ta tsaya da mu a daji.

– To, mi kake so a yi mata?

– Na gani cikin waya, masu tseren mota a Amurka suna cire pompon ruwa mai fambel su sa mai lantarki. An ce inji yana ƙara sanyi, yana kuma ƙara ƙarfi. Shi nake so a aiko mini daga Kano.

Dattijon ya sa yaransa su buɗe gaban motar, a bar inji ya huce. Ya jawo benci zuwa inuwar dogon yaro.

– Likita ba ya yin allura sai ya san ciwo. Ku zauna tukuna.

2. Me ya sa inji yake bukatar ruwa?

Wuta ce ke tafiyar da injin mota. Cikin inji ana haɗa mai da iska, a ƙone su. Ƙunar tana tura fistan ƙasa. Fistan ya juya sandar inji, sandar ta juya ƙafafun mota. In inji yana juyi 3000 a minti, wuta tana tashi bisa kowane fistan sau 1500 a minti, wato sau 25 cikin sakan ɗaya.

Ba dukan ƙarfin mai ne ke zama gudu ba. In aka raba shi kashi uku, wajen kashi ɗaya ne kawai ke tura mota. Kashi ɗaya yana fita ta salansa tare da hayaƙi. Sauran kashi ɗayan zafi ne da ke shiga ƙarfen inji. In ba a kwashe wannan zafi ba, baƙin mai zai tsinke kamar ruwa, fistan ya kumbura ya cije, kan inji ya lanƙwashe. Inji ya mutu ke nan.

Waɗansu injuna iska ce ke sanyaya su. Yawancin babura na ƴan kabu-kabu haka suke, shi ya sa jikin injinsu yake da haƙarƙari na ƙarfe. Tsohuwar Citroën 2CV ma haka take. Amma kusan dukan motocin yau da ruwa ake sanyaya su, domin ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba.

Inji kuma ba ya son sanyi da yawa. Ya fi yin aiki da kyau in ruwansa yana tsakanin digiri 85 da 95. In ya yi ƙasa da haka, yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa.

3. Hanyar ruwa cikin inji

Cikin gangar inji da cikin kansa akwai ramuka da ruwa ke bi. Ruwan yana kwashe zafi daga ƙarfe, ya fita ta tiyo na sama, ya shiga lagireto. Lagireto ƙananan bututu ne masu yawa, jere a gaban mota. Iska tana ratsa tsakaninsu, ta ɗauke zafin. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. In tana tsaye ko tana tafiya sannu, fanka ce ke jawo iskar. Ruwan da ya huce yana bi ta tiyo na ƙasa ya koma cikin inji. Haka yake zagayawa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu a kan wannan hanya. Na farko shi ne tarmosta, wata ƴar ƙofa da zafi ke buɗewa. In inji yana da sanyi, tana rufe, ruwa ba ya zuwa lagireto. In ruwa ya wuce digiri 80 da ƴan kai, sai ta fara buɗewa. Na biyu shi ne murfin lagireto. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin yana matse ruwan inji, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba.

Ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba, saboda haka yana hawa sama da kansa. Motar Ford T, wadda aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, da wannan dabara ta dogara. Yawancinsu ba su da pompo ko kaɗan. Amma injinta doki 20 ne kawai. Injin yau ya ninka haka sau biyar, sau goma, ko fiye. Ruwa mai tafiyar hawainiya ba zai ishe shi ba. Dole a sami abin da zai kora shi. Wannan abu shi ne pompo, wato famfo.

Dattijon ya ɗauko wani tsohon pompo daga tarin ƙarafa, ya miƙa wa yaron. Cikinsa akwai farfela mai fukafukai. Ruwa yana shiga ta tsakiyarta. In ta juya, sai ta watsa shi gefe da ƙarfi, kamar yadda ƙafar keke ke watsa ruwa in ta bi ta cikin kududdufi. Daga gefen ne ruwan ke samun hanya ya shiga inji.

Yaron ya juya farfelar da yatsa.

– Baba, ai irin ta injin ban-ruwa ce! Akwai ta a garkar albasarmu, can fadamar Tarka.

– Ka gane, yaro. A garkarku mi ke juya ta?

– Injin fetur. Amma maƙwabcinmu nasa da hasken rana yake aiki.

– To, ka riga ka san darasin yau. Farfela ɗaya ce. Bambancin shi ne wa ke juya ta.

4. Pompo mai fambel

Wannan shi ne tsohon yayi, shi ne kuma ya fi yawa a hanyoyin Adar. Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, shi take da shi. Haka Toyota Hiace masu ɗaukar fasinja, da tsofaffin Land Cruiser da Hilux, da manyan motocin da ke lodin albasa.

Pompon yana manne a gaban inji. Sandarsa ta fito waje, an sa mata wani faifan ƙarfe mai kwari a gefe. Fambel ya zagayo wannan faifai da na sandar inji. In inji ya juya, pompo ya juya. In inji ya ƙara gudu, pompo ya ƙara. In inji ya tsaya, pompo ya tsaya.

Wannan haɗi yana da amfani babba. Mota mai hawan tudu tana komawa giya ta biyu ko ta uku, inji yana juyi da sauri, yana ƙona mai da yawa, zafi yana ƙaruwa. A daidai lokacin ne pompo ma yake ƙara tura ruwa, ba tare da wani ya gaya masa ba.

Amfani na biyu shi ne, in zai mutu yakan yi sallama. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan rami. In robar da ke tare ruwa ta fara cinyewa, sai a ga ɗigo daga ramin. In boris ya fara lalacewa, sai a ji ƙara, ko a ji faifan yana rawa in an girgiza shi da hannu. Direba mai lura yana samun kwanaki kafin abin ya ɓaci. In kuma fambel ya tsinke, a yawancin motoci jar fitilar batir tana kamawa nan take, domin fambel ɗin ne ke juya dinamo. Direban da ke da wani fambel a ajiye yana iya ɗaurawa a bakin hanya.

Yana da nasa aibi. In mota tana tsaye a tasha, ko ta shiga cunkoson kasuwar Tunfafi, inji yana juyi wajen 800 a minti kawai, ruwa yana tafiya sannu. In kuma aka taka inji har juyi 6000, pompo yana gudu fiye da bukata. Farfela tana iya fara kaɗa kumfa maimakon tura ruwa, kumfar kuwa tana cin ƙarfe. Sa'an nan in aka kashe inji bayan doguwar tafiya, ruwa yana tsayawa cik alhali ƙarfe yana da zafi ƙwarai. Shi ya sa wani lokaci akan ji mota tana ɓararraka bayan an kashe ta.

5. Pompo mai lantarki

Wannan ba ruwansa da fambel. Yana da ƙaramin injin lantarki a jikinsa, wanda ke shan wuta daga batir da dinamo. Iri biyu ne, bai kamata a haɗa su ba.

Iri na farko shi ne wanda mota ta fito da shi daga masana'anta. Kamfanin BMW na Jamus ya fara sa shi a injinsa mai fistan shida a 2004. Toyota ta sa shi a Prius ta 2009, daga baya kuma a waɗansu Camry da Corolla. A waɗannan motoci kwamfuta ce ke ba pompo umurni. Tana auna zafin ruwa, tana duba nauyin aikin da inji ke yi, sa'an nan ta ce masa ya yi sauri, ko ya yi sannu, ko ya dakata. Da safe, in inji yana da sanyi, tana rage masa gudu don inji ya yi saurin ɗumi, a rage shan mai. In an kashe mota da zafi, tana iya barinsa ya ci gaba da zagaya ruwa na ƴan mintoci. Motoci masu haɗa fetur da batir, kamar Prius, injinsu yana mutuwa yana tashi da kansa a kan hanya, saboda haka irin wannan pompo ya dace da su. Yawancin motocin da ke tafiya da batir zalla su ma da shi suke sanyaya batirinsu.

Iri na biyu shi ne wanda ake saye daban, a ɗora wa injin da aka ƙera da mai fambel. Shi ne wanda saurayin ya gani cikin waya. A Amurka akwai wani tsere da motoci biyu ke yi a miƙaƙƙen fili mai tsawon mita 402. Cikin ƴan sakan an gama. Mai irin wannan tsere yana taka inji iyakar ƙarfinsa, yana neman ko da rabin doki ne. In ya gama, ya kashe inji, ya bar pompo da fanka suna aiki da batir, inji ya huce kafin zagaye na gaba. A wurinsa wannan pompo ya yi daidai.

Amma da yawa daga cikin irin waɗannan gudu ɗaya suke yi. Ko mota tana tsaye, ko tana hawan dutse da kaya, ruwan da suke turawa bai canza ba. A tsaye sun fi mai fambel. A kan dogon tudu kuwa, inda zafi ya fi yawa, mai fambel yana iya fin su.

6. Lissafin maigida

Saurayin bai gamsu ba.

– Baba, to maganar ƙarin ƙarfi fa? Ba gaskiya ba ce?

Dattijon ya ɗauki tsinke, ya share ƙasa, ya ce yaron ya matso, tun da shi ne ɗan lakwal.

Farfela tana da doka. In gudunta ya ninka sau 2, ruwan da take turawa ya ninka sau 2. Amma ƙarfin da take ci daga inji yana ninkawa sau 2, sau 2, sau 2, wato sau 8. In gudun ya ragu da rabi, ƙarfin da take ci ya koma kashi ɗaya cikin 8.

– A ce pomponka yana cin doki 2 in inji yana juyi 6000. Kai, a hanyar Buza, juyi nawa kake yi?

– Bai cika wuce 3000 ba.

– Yaro, raba mana 2 gida 8.

Yaron ya rubuta a ƙasa.

– Rubu'in doki, Baba.

Pompon lantarki na mota irin wannan yana shan wajen wat 200 in yana aiki sosai. Doki ɗaya wat 736 ne. Wat 200 ke nan ya ɗan ɗara rubu'in doki. Wutar kuma ba daga sama take faɗowa ba. Dinamo ne ke yin ta, fambel ne ke juya dinamo, inji ne ke juya fambel. A hanya ma wani kashi yana ɓacewa ya zama zafi.

– Ka gani, ɗana? Mai tsere, da ke zaune a juyi 6000, yana cin ribar doki ɗaya ko biyu. Kai, da ke ɗauke da Inna, ribarka ba ta kai a faɗa ba. Ga shi za ka ɗora wa dinamo kaya kamar ka kunna manyan fitilu huɗu dare da rana. Za a ja sabuwar waya, a sa sabon fis, a sake wa fambel hanya. Kowane ɗaya daga cikinsu wuri ne da girgizar hanya da ƙura za su iya ɓatawa.

7. Mota ta biyu

Suna cikin haka sai ga wata babbar mota ta jawo wata ƙaramar mota da igiya daga hanyar Buza. Sabuwar ƙira ce, tana walƙiya. Mai ita ya fito yana share gumi. Ya ce bai ji ƙara ba, bai ga yoyo ba. Yana cikin tafiya sai fanka ta kama ruri, wani rubutu ya fito a gabansa, mota ta rage ƙarfi. Nan take ya tsaya ya kashe ta.

Dattijon ya leƙa. Fambel lafiya lau, ruwa cike, tiyo babu huda. Ya duba fis, yana da rai. Ya sa aka kunna, ya dafa pompo da hannu. Shiru.

– Alhaji, ka yi dabara da ka tsaya. Da ka ƙara kilomita biyar, da yanzu maganar kan inji muke yi. Pomponka mai lantarki ne, ya mutu.

– A gyara shi mana.

– Wanga ba irin wanda muke buɗewa ba ne. A rufe yake, akwai ƴar kwamfuta cikinsa. Sai an nemo wani daga Kano ko Yamai, mai lamba daidai da tasa. In ya zo, sai an fitar da iska daga hanyar ruwa yadda masu motar suka tsara.

– To, a sa mini mai fambel in huta.

– Ba shi da mazauni a wanga inji. Yadda aka ƙera shi, haka zai zauna.

Saurayin ya dubi Alhaji, ya dubi tasa motar.

– Ashe mai lantarki ba shi da kyau, Baba.

– Ban ce ba. Wanga pompo ya yi shekaru yana aiki kafin ya gaji, ya kuma rage wa mai shi kuɗin mai. Kwamfutar ce ma ta ceci injin yau. Aibinsa a nan guda biyu ne: ba ya sallama, kuma ba a samunsa a Buza.

Mai irin wannan mota yana da abin da zai kiyaye. Batir ya zama mai kyau, dinamo yana caji daidai, wayoyi a ɗaure, kada ruwan wanki ya shiga mahaɗarsu. In mota ta tsufa, gara a canza pompon tun bai mutu ba, kafin doguwar tafiya.

8. Ina ciwon yake?

Injin saurayin ya huce. Dattijon ya fara dubawa, yaron yana biye da shi.

Ya girgiza faifan pompo, bai yi rawa ba. Ya shafa ƙarƙashinsa, a bushe. Pompo lafiyarsa lau.

Ya danna fambel da babban yatsa, ya lotsa sosai. Ya tsattsage, ya yi santsi. Fambel mai santsi yana zamewa bisa faifai, pompo ba ya samun cikakken juyi.

Ya haska fitila ta bayan lagireto, haske bai fito ta gaba ba. Ƙura da ciyawa da matattun fari sun toshe tsakanin bututun. Iska ba ta da hanya.

Ya buɗe murfi, robarsa ta bushe ta fashe. Murfin da ba ya matsewa yana barin ruwa ya tafasa da wuri.

Ya leƙa ciki, ya ga farin ɓawo ya kama bakin bututun.

– Wane ruwa kake zuba mata?

– Na rijiya, Baba. Duk inda na samu.

Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa. Shi ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Ruwan rijiyoyi da yawa yana ɗauke da shi a narke, ido ba ya gani. In ruwan ya yi zafi, sai ya bar farin ɓawo, irin wanda ke kama cikin butar shayi. Ɓawon yana toshe bututu, yana kuma hana zafi fita. Ruwan rijiya yana sa tsatsa. Abin da ya dace da inji shi ne ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda ke hana tsatsa.

Daga ƙarshe aka kwance gidan tarmosta, aka tarar babu komai ciki. Wani ya cire ta. Makanikai da yawa suna yin haka, suna cewa ƙasar zafi ba ta bukatarta. Kuskure ne. Da hunturu inji yana daɗewa bai yi ɗumi ba. A waɗansu injuna kuma tarmosta ce ke rufe wata gajeruwar hanya, don ta tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu ita, wani kashi na ruwan zafi yana komawa inji bai huce ba.

Yaran garaji suka sauke lagireto, suka wanke shi ciki da waje. Aka sa sabon fambel, sabon murfi, da tarmosta. Aka zuba ruwa mai launi. Duka kayan a Madawa aka same su. Dattijon ya sa tsohon fambel cikin leda, ya ce a ajiye shi bayan mota tare da jarkar ruwa.

Ranar Talata suka kama hanya da sassafe, Inna da ƙannenta a baya. Yaron ya zauna a gaba, idonsa bisa allura. Suka wuce Buza, suka hau tudu, suka gangara, suka sake hawa. Allura tana tsakiya har suka shiga Keita. Motar Alhaji kuwa tana nan inuwar dogon yaro, tana jiran saƙo daga Kano.

Abin riƙewa

Pompo ne ke zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto.
Mai fambel yana bin gudun inji. Yana da sauƙin gyara, yakan nuna alama kafin ya mutu.
Mai lantarki da mota ta fito da shi yana bin umurnin kwamfuta. Yana rage shan mai, amma yana bukatar wuta mai kyau, yana iya mutuwa ba zato.
Mai lantarki na ɗorawa ya dace da tsere, ribarsa kaɗan ce ga motar da ke bin hanya.
In mota tana zafi, a fara duba ruwa, fambel, fanka, lagireto, murfi da tarmosta.
In allura ta kai ja, a tsaya a kashe inji.
Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Tururi yana ƙona fuska da hannu.
Kada a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Ƙarfe yana iya tsagewa.

Kalmomi

Fambel: igiyar roba da ke haɗa sandar inji da pompo da dinamo.
Farfela: faifai mai fukafukai da ke tura ruwa ko iska.
Boris: zoben ƙarfe mai ƴan ƙwallaye da sanda ke juyawa cikinsa.
Dinamo: abin da ke yin wutar lantarki a mota, yana cika batir.
Fis: ƴar waya da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, don ta kare sauran kaya.
Wat: ma'aunin ƙarfin lantarki.

Tambayoyi

1. Ina ƙarfin mai yake zuwa in an ƙone shi cikin inji?
2. Ku faɗi hanyar da ruwa ke bi, daga inji har ya dawo.
3. Me ya sa Ford T ta iya tafiya ba pompo?
4. Waɗanne alamu pompo mai fambel ke nunawa kafin ya mutu?
5. Me ya sa masu tsere suke son pompo mai lantarki?
6. Waɗanne abubuwa biyar dattijon ya gano a motar saurayin?
7. Me ya sa ba a iya sa wa motar Alhaji pompo mai fambel ba?

Lissafi

1. Inji mai fistan 4 yana juyi 2400 a minti. Sau nawa wuta ke tashi cikinsa gaba ɗaya a minti guda?
2. Wani pompo yana cin wat 1600 a juyi 6000. Wat nawa zai ci a juyi 3000? A juyi 1500 fa?
3. Babbar fitilar mota tana shan wat 55. Fitila nawa za su sha wat 220?

Aikin yi

1. Ku zuba ruwa rabin kwano, ku juya shi da cokali da sauri. Ina ruwan yake taruwa, tsakiya ko gefe? Ku kwatanta da aikin farfela.
2. Ku duba cikin tsohuwar butar shayi a gida. Ku rubuta abin da kuka gani.
3. Ku je garaji mafi kusa tare da malaminku. Ku roƙi maigidan ya nuna muku pompo, lagireto da tarmosta. Ku zana su, ku rubuta sunan kowane da Hausa da Faransanci.